Waɗanda Suka Koya Mana Kiɗa a Yamai

A gidanmu a Tasawa ba a kiɗa. Mahaifina malamin allo ne, kakana ma haka, kuma a irin wannan gida da yaro ya ɗauki gwangwani ya fara ƙwanƙwasawa, wani babba zai leƙo daga zaure ya tambaye shi ko ya biya karatunsa. Ba wai ba a son ji ba ne. Ranar sallah kowa yakan fita kallon hawa, a ji algaita da kakaki har cikin ƙirji, mahaifina da kansa yakan laluba aljihu ya ba maroƙi 'yar dala in ya ambaci kakanninmu. Amma ji daban, taɓawa daban. Kiɗa sana'ar masu ita ce, a ciki ake haihuwar mutum, a ciki ake yi masa aure.

Sai ƙuruciyarmu ta faɗo daidai zamanin Samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati. Tun daga 1976, lokacin mulkin Seyni Kunce, aka fara bikin matasa na ƙasa, ana zagayawa da shi jiha jiha, kowane gari yana so a ce 'ya'yansa ne suka ciyo kyauta. A filin Samariya ne ɗan malam da ɗan sarki da ɗan mahauci suka fara tsayawa sahu ɗaya suna amshi. Iyaye suka kau da kai, tunda abin na gwamnati ne, kuma a wancan zamani ba a cika yi wa gwamnati gardama ba. Ta wannan kafa na saci jiki na shiga. Murya ba ni da ita, amma in aka bar ganga ba kowa, hannuna ba ya jin magana.

Da na tasa aka tura ni Yamai wurin kawuna, mai rumfar ƙusa da kwanon rufi a kasuwar Katako. Ban daɗe ba na ji labarin wata makaranta da aka buɗe a 1989, wai ta koyon kiɗa zalla, ana ce mata CFPM, an kuma sa mata sunan Alhaji Taya, mawaƙin zamani da ya rasu gab da buɗe ta. Abin ya ɗaure mini kai. Makarantar aikin asibiti na sani, ta malanta na sani, amma a ce an gina aji, an sa benci da allo, don a koyi abin da ake zane yara a kansa a garinmu? Na ce wa kawu zan riƙa zuwa koyon buga tafireta da yamma. Ya dube ni, ya dubi yatsuna da ke ta kaɗa gefen tebur ban ma sani ba, ya ce, "To, ɗana, Allah ya sa tafiretar ta yi zaƙi." Har ya koma ga Allah bai gaya wa mahaifina ba.

Tun kafin ka kai ƙofa, kunnenka ya riga ka shiga. Wani yana hawa da sauka a bakin ƙaho, do re mi, yana tuntuɓe a wuri ɗaya kullum. Can wani yana ɗaure tsirkiyar gita. A inuwa kuma kalangu yana ta surutunsa, bai damu da kowa ba. Babu wanda ke jiran wani, amma in ka zauna ka daɗe sai ka daina jin hayaniya, ka fara rarrabe wane ne wane. Ga warin jiƙaƙƙiyar fatar akuya da aka shanya za a rufe ganga, ga ƙamshin ƙaro da masu goge ke gogawa a izga, ga hayaƙin gawayin shayi wanda ba ya mutuwa sai magariba. Da hunturu ƙura takan kwanta a kan komai, har sai ka hure piyano kafin ka taɓa.

Daga sama akwai masu takarda. Akwai Bature ɗan Faransa, Dominique Pagani, masanin kiɗa da falsafa, wanda da hannunsa aka kafa wurin. Akwai Mahaman Garba, ɗan ƙasa, wanda ya yi digirinsa na dakta a Strasbourg a 1992 a kan kiɗan Hausawan Nijar. Mu ƙananan ɗalibai daga nesa muke hango su. Amma ranar da na ji cewa mutum ya tafi har Turai ya zama dakta a kan kalangu da kotso da gurmi, na so ƙwarai a ce mahaifina yana kusa ya ji da kunnensa. Waɗanda muka yi gwiwa da gwiwa da su kuwa wasu ne daban, kuma kowanne da hanyar da ta kawo shi. Da ka tara su ka tambaye su takardar shaidar malanta, da ba ka samu abin naɗe ƙosai ba.

Wanda ya fara kama mu tsohon soja ne, ɗan badujala, kowa Ajidan yake ce masa. Doguwar fuska, gashin baki a daidaice, takalmi yana ƙyalli ko da ana iska. Ya taɓa gaya mana cewa ba son yaƙi ya kai shi soja ba, begila ce. Yana yaro a kusa da bariki yakan ji ta da asuba, ya bi ta har ta sa masa kaki. A can ya koyi karanta kiɗa a takarda, a hannun waɗanda su ma Faransawa suka koya wa. Rabin rayuwarsa ya yi ta a tsaye cikin rana a filin jirgi, ƙaho a hannu, ana jiran wani shugaban ƙasa da jirginsa ya yi latti, don a busa taken ƙasa na minti kaɗan a koma bariki. Taken nan da ya busa har leɓɓansa suka yi kanta, an ma canza shi a 2023. Ban sani ba ko da ya kai lokacin zai yarda ya koyi sabon. Ina jin zai koya, ya kuma gyara wa matasa kuskurensu.

Shi ya ja mana layi biyar a allo, ya ɗiɗɗiga baƙaƙen ƙwayoyi a kai, wasu da wutsiya wasu babu, ya ce wannan ita ce waƙa. Muka dubi juna. Yakan ƙirga da Faransanci yana buga rula a tebur, in ka shigo kafin lokacinka sai ya tsaya cak ya ce, "Kai, ina za ka? An kira ka?" Abin da ya fi ba shi wahala da mu shi ne shiru. Mu a saninmu in ana kiɗa ana kiɗa ne, shi kuwa ya nace cewa wurin da ba a busa komai shi ma a rubuce yake, kuma ana ƙirga shi. Wani abokina daga Dogon Dutsi ya ce shi dai bai taɓa ganin inda ake biyan mutum don ya yi shiru ba sai a soja.

Na biyun shi ne wanda har yau in na tuna shi sai na yi murmushi ni kaɗai. Tsoho ne Bagobiri, makaɗin kalangu, muna ce masa Baba. Shi bai zaɓi kiɗa ba, tarar da shi ya yi a ɗakin uwarsa. Gidansu makaɗan mahauta ne tun kaka da kakanni. Ya fara da kuntukuru a bayan mahaifinsa tun bai iya ɗaure wando ba, aka ɗaga shi zuwa ɗan karɓi, sai da gemu ya fito masa sannan aka bar shi ya riƙe uwar kalangu a gaban jama'a. Da kaka, in an kai amfanin gona gida, sai su bi 'yan dambe gari gari, su ƙetara Sakkwato da Gusau da Kano, wata shekara har zangon Kumasi. Ya san gidan Sarkin Fawa na kowane gari da irin naman da ake ba baƙo a can. Taswira bai taɓa riƙewa ba, amma da ya fara lissafa tashoshi sai ka ga hanyar a gabanka.

Ranar da na fara zuwa gabansa ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Na faɗa. Ya yi dariya har goro ya kusa sarƙe shi. "Ɗan malam! To, mu da muke zuwa wurin ubanku neman sa'a, yau ga ɗansa ya zo wurinmu. Zauna." Na zauna, na kuma daɗe a zaune, don bai ba ni kalangun ba. Aikina in ɗauko, in mayar, in jiƙa fata, in riƙe masa kango yana jan tsirkiya, in kawo wuta. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Gaggawar me kake? Ni shekara nawa na yi ina ɗaukar na ubana?" Da ya ga na daina tambaya, sai ya fara ba ni take da baki. Ya faɗa, in maimaita, ya faɗa, in maimaita, har sai harshena ya san inda murya ke hawa da inda take sauka. Sannan ya saƙala mini kalangu a hammata ya nuna mini sirrin, wanda ba wani sirri ba ne: ka matse tsirkiya murya ta hau, ka saki ta sauka, daidai yadda maganar Hausa ke yi. Kalangu magana yake yi, wanda bai iya faɗar abu da baki ba kuwa ba zai sa fata ta faɗa masa ba.

Tsakanin Ajidan da Baba akwai wasa irin na tobassai, ko da yake ba su haɗa komai ba. Wata rana Ajidan ya ɗauko takarda da fensir ya ce yau sai ya rubuta kiɗan Baba, don kada ya ɓace. Baba ya ce bismilla. Ya kaɗa, Ajidan ya rubuta. "Sake, Sarkin Makaɗa." Ya sake, sai ga wani abu daban. Ajidan ya goge, ya ce a sake. Aka sake, wani daban kuma. Gumi ya fara keto wa soja. "Haba, Sarkin Makaɗa, irin na ɗazu nake so!" Baba ya ajiye makaɗi ya ce, "Ajidan, ɗazu mai goro ne ya shigo, shi na gaisar. Yanzu ya fita. Wa kake so in gaisar, kujera?" Sannan ya karɓi takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Wannan abin da ka zuba kamar kashin awaki a kan tabarma, shi ne ni?" Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma na lura Ajidan bai yar da takardar ba, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Shi ma Baba, bayan kwana biyu, na ji shi yana tambayar wani ɗalibi a asirce wai wace ƙwaya ce a ciki take nufin a yi shiru.

Akwai wani mai goge daga ƙasar Arewa, mutum mai kunya, wanda ya yi shekaru yana yi wa 'yan bori kiɗa. A waje mutane sukan ɗan ja jiki da shi, a nan kuwa yara 'yan lakwal suna ce masa Mushe, wato malam, shi kuma yana waiwayawa ya ga ko da wani ake. Shi ya nuna mana yadda ake rufe ƙoƙo da fatar guza, da yadda ake zaɓen izgar doki. Akwai kuma mai koya mana piyano, wanda iyayensa suka zo daga Dahome. A coci ya koya, yana yaron mawaƙa, da dare kuma yana kaɗa wa masu rawa a otal don ya cika kuɗin haya. Da azahar in an shimfiɗa tabarma, shi yake tsare mana kayan kiɗa har mu sallame.

Abin da ban gane ba a lokacin, sai da girma ya zo, shi ne yadda zaman aji ya kasance baƙon abu ga irin su Baba. Mutumin da duk rayuwarsa a fili yake samun abincinsa, in ya kaɗa da kyau nan take a liƙa masa, in ya yi sanyi nan take a juya masa baya, yau ga shi ana miƙa masa ambulan, ya dangwala yatsa a takarda. Na taɓa ganin ya buɗe, ya ƙirga, ya yi godiya, sannan ya ce da ni a hankali, "Ɗan malam, kuɗin nan ba su da laifi, sai dai ba sa gaya maka ko ka iya." Shi ya sa ranar Juma'a ko Lahadi in ya ji ana biki a Zongo ko Bukoki sai ya saɓa kalangunsa ya tafi, ba don bai ƙoshi ba. Kuma shi ne da aka tuna masa cewa jami'ar Zariya ta ba Mamman Shata digirin dakta a 1988, ya ce madalla, tunda mai waƙa ya zama dakta, masu kalangun da ke bayansa ai sai a ba su ko da malaman asibiti ne.

Waɗannan da muka yi gwiwa da gwiwa da su duniya ba ta san su ba. Amma gidan ya ga waɗanda sunansu ya yi nisa, kuma su ma hanyoyinsu ba su yi kama da juna ba. Yakuba Mumuni daga yankin Tera ya fito, yaro makiyayi, ya baro gida yana ƙarami bayan rasuwar mahaifinsa ya shigo Yamai ba shi da kowa. Wata mawaƙiya, Absatu Dante, ta riƙe shi, ya koyi busa sarewa, ya bi ta ƙungiyar Takeda ta wannan makaranta, sannan a 1995 suka kafa ƙungiyar Mamar Kassey. Faifansu na 1999, Denke-Denke, shi ya zama laƙabinsa har yau. Umaru Adamu, wanda aka fi sani da Maiduma, shi gado ya yi, ɗan makaɗa ne daga Maraɗi.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Malam Maman Barka. Batube ne daga Taskar, can gabas cikin rairayi, kuma da alli ya fara cin abinci, malamin makarantar boko ne. Gurminsa mai tsirkiya biyu shi ya fitar da shi, har aka san shi a Nijeriya, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasar. Mutum ya yi suna, ya haura shekara arba'in, ai sai ya zauna ya ci gajiyar wahalarsa. Shi kuwa a 2002 ya samu tallafin UNESCO ya nufi bakin Tafkin Chadi, wurin Buduma masunta, ya durƙusa gaban wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya biram. Biram abin kiɗa ne mai tsirkiya biyar, an sassaƙa shi da siffar jirgin ruwa, kuma Buduma suna girmama shi ƙwarai, ba kowa ke taɓa shi ba. Samarinsu sun daina koya, tsohon yana jiran mutuwa da abinsa a hannu, sai ga baƙo, ba ɗan ƙabilarsu ba, ya zo ya ce a koya masa. Malamin da ya saba tsayawa gaban allo ya koma ɗaukar kayan wani. Bayan rasuwar tsohon, shi ya ɗauki biram ya kai shi bikin WOMAD a Ingila a 2008, Umaru Adamu yana yi masa kiɗa, a 2009 kuma faifansu ya fito a can. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ga Baba yana ce mini zauna, in ce ashe manya ma ana ce musu haka. Malam Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018.

Ni dai ban zama komai ba a kiɗa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ta zube da rabi a dare ɗaya. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi, daga tsirkiyar gita har kwanon rufin kawuna. Rumfa ta buƙaci mai zama daga safe har yamma, tafireta ta ƙare. Ga ni nan har yau a kan ƙusa, sai dai in ana zuba ta a sikeli nakan ji ta da wani kunne da maƙwabtana ba su da shi.

Bayan haka abubuwa suka yi ta sauyawa a hankali, ba wanda ya yi shela. Piyano mai ganga a cikinta ta shigo, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin mutum goma a gidan biki, mai biki kuma ya ga sauƙi. Waƙoƙin finafinan Kano suka cika kasuwa. Yanzu jikana yakan zauna a rumfa da waya a hannu, ya haɗa kiɗa cikakke kafin in gama sallamar mai saye ɗaya, har da kalangu a ciki, wanda ba fata ba tsirkiya. Ba na yi masa faɗa. Ni da na yi ƙaryar tafireta, da wane baki? Wani lokaci ma abin nasa da daɗi. Na dai taɓa tambayarsa kalangun nan nasa me yake cewa, ya dube ni da tausayi ya ce, "Kaka, ai ba ya cewa komai, kiɗa ne kawai."

Makarantar tana nan a Yamai, da kayan kiɗan gargajiya da aka tara a cikinta, da 'yan tsofaffin da suka rage suna jiran mai zuwa koyo. Ajidan da Baba da mai goge duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama, ya kyauta namu zuwan. Wanda duk yake da tsohon makaɗi a garinsu, don Allah ya saya masa goro ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wancan wa ya koya masa. In da yaro mai ƙwanƙwasa gwangwani a gida, a tafi da shi.